Kano zuwa Guangzhou a jirgin sama: nisan nawa ne, awa nawa ake yi?

Tambaya: Wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari zai je Guangzhou sayo kaya a karo na farko, ta Adis Ababa. Ya ce tikitinsa ya nuna za su tashi daga Kano ƙarfe 1:30 na rana ran Litinin, su sauka ƙarfe 4 na yamma ran Talata, wato awa 26 da rabi. A dawowa kuma za su taso ƙarfe 12:30 na dare su iso Kano ƙarfe 12:30 na rana, awa 12 kacal. Yana so ya san ko hanyar dawowa ce ta fi gajarta, nisan nawa ne tsakanin garuruwan biyu, kuma me ya hana a tafi kai tsaye.

Amsa: Alhaji, Allah ya kai ka lafiya, ya sa a dawo da alheri. Aikina shi ne tsara wa jirage hanya kafin su tashi: ta ina za a bi, man nawa za a sha, lokaci nawa za a ci. Bari in fara da tikitin da ke hannunka, don a nan ne ruɗanin yake.

Tafiyarka ba awa 26 da rabi ba ce, dawowarka kuma ba awa 12 ba ce. Kowane lokaci da aka rubuta a tikiti, agogon garin da abin zai faru ake nufi. Tashi daga Kano da agogon Kano, sauka a Adis Ababa da agogon Habasha, sauka a Guangzhou da agogon Sin. Habasha tana gaban Najeriya da awa 2, Sin tana gabanmu da awa 7. Idan za ka gabas sai ka cire awa 7 daga abin da ka ƙirga, idan za ka dawo sai ka ƙara 7. Tafiya ta zama awa 19 da rabi, dawowa awa 19. Kusan kunnen doki ke nan.

Mu bi ta daki-daki da agogon Kano kaɗai, kamar ba ka taɓa agogon hannunka ba. Kun tashi 1:30 na rana. Bayan kamar awa 5 kun sauka Adis Ababa, agogonka na cewa 6:30 na yamma, na bangon filin jirgin na cewa 8:30 na dare. Kun zauna jira kamar awa 4. Babban jirgi ya ɗaga ƙarfe 12:30 na darensu, 10:30 a agogonka. Ya yi kamar awa 10 da rabi, ya sauka ƙarfe 9 na safiyar Talata a agogonka, lokacin da yaranka ke buɗe shago a Kwari, amma a Guangzhou la'asar ta yi, ƙarfe 4. Duk tikitin da aka miƙo maka, ka yi masa wannan lissafin kafin ka biya. Wurin da ya fi sauƙi shi ne layin da ke nuna jimillar tsawon tafiya, domin shi an riga an daidaita masa bambancin agogo.

Sai batun nisa. Daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa filin Baiyun na Guangzhou, ta hanya mafi gajarta a bayan ƙasa, kimanin kilomita 10,900 ne. Kewayen duniya gaba ɗaya kilomita 40,075 ne, ka ga ka haura kashi ɗaya cikin huɗu nata. Idan ka duba a intanet za ka iya cin karo da 6,800 a wani wuri, 5,900 a wani wuri, kada ka ɗauka wani ya yi kuskure. Na farko mil ne irin na mota, mai mita 1,609. Na biyu mil ɗin teku ne, mai mita 1,852, shi ne wanda matuƙa jirgin sama da na ruwa ke aiki da shi. Nisa ɗaya ne, ma'auni uku.

Abin da ke ba mutane mamaki shi ne inda wannan gajeriyar hanya take bi. Kano tana digiri 12 arewa da ikwaita, layin da ya raba duniya gida biyu, arewa da kudu, Guangzhou tana digiri 23. A taswirar da ke manne a bangon aji, sai ka ja layi miƙaƙƙe ya ratsa ta Yaman da tsakiyar Indiya, ka ce shi ke nan. Amma taswirar bango shimfiɗaɗɗiya ce, duniya kuwa dunƙulalliya. Ɗauki kankana, ka yi ɗigo biyu nesa da juna a gefenta, ka ja zare tsakaninsu ka ɗaure shi tamau. Za ka ga zaren bai bi ta ƙugunta ba, ya karkata ya hau sama kafin ya gangaro. Haka hanyar take. Daga Kano jirgi zai fuskanci arewa maso gabas, ya ratsa ta wajen Nguigmi a Nijar, ya keta Cadi da arewacin Sudan, ya haye Bahar Maliya, ya wuce ɗan kudu da Madina, ya bi ta kusa da Bahrain, kudancin Iran, Fakistan, ya kai kusan digiri 29 a daidai Delhi, sannan ya fara gangarowa ta tsaunukan Himalaya da arewacin Myanmar zuwa kudancin Sin. Wato hanyar ta fi garuruwan biyu hawa arewa. Idan ka ga allon da ke bayan kujera yana nuna jirgi yana lanƙwasa kamar baka, ba kewaye matuƙi yake yi ba, yanke yake yi.

Da ka gane wannan layi, sai zaɓin inda ake yada zango ya fito fili. Doha tana kusan a kan layin. Kano zuwa Doha kimanin kilomita 4,750, Doha zuwa Guangzhou kimanin 6,200, jimilla kusan daidai da hanyar kai tsaye. Ta Alƙahira: 3,100 da kuma 8,000, wato 11,100. Ta Adis Ababa, hanyar da ka saya: 3,300 da 8,000, kimanin 11,350. Tsakanin mafi gajarta da mafi tsawo bai wuce kilomita 400 da ɗoriya ba, tafiyar rabin awa ce ga jirgi. Shi ya sa nake gaya wa 'yan kasuwa kada su ɓata lokaci suna gardamar wace hanya ce ta fi kusa. Duk ukun kusa suke. Wanda zai yi asarar nisa da gaske shi ne wanda aka bi da shi ta Turai, ko wanda ya fara sauka Legas, domin ya yi tafiyar fiye da kilomita 800 yana juya wa Sin baya, kuma sai ya sake biyan su a sama.

Yanzu ta yaya kilomita ke zama awa? Manyan jiragen dogon zango irin su Boeing 787 da Airbus A350, idan sun daidaita a sama, tsakanin ƙafa 35,000 zuwa 41,000, suna gudun kimanin kilomita 900 a awa. Ƙananan da ake yawan sawa a gajeren zango, irin Boeing 737, sun ɗan gaza haka, wajen 830 zuwa 850. Idan ka raba 8,000 da 900 za ka samu ƙasa da awa 9. To me ya sa tikiti ya ce 10 da rabi?

Na farko, lokacin tikiti ba daga barin ƙasa yake farawa ba. Yana farawa ne daga sanda aka tura jirgi baya daga inda kuka shiga, ya ƙare sanda ya tsaya cak a inda za ku fita. Tafiyar da yake yi a hankali zuwa titin tashi, da layin da yake bi idan akwai jirage a gabansa, duk a ciki suke. A babban fili irin Baiyun wannan kaɗai na iya cin minti 20 ko fiye. Na biyu, jirgi ba ya gudun 900 daga farko har ƙarshe. Hawa yana ɗaukar kusan rabin awa, musamman idan ya cika da mai da kaya, saukowa ma haka, tun yana da saura kamar kilomita 200 yake fara gangarowa yana rage gudu. A ƙasa da ƙafa 10,000 kuma ƙa'ida a yawancin wurare ba ta bari a wuce kimanin kilomita 460 a awa. Na uku, sama tana da tituna. Jirgi ba ya bin zaren nan sak, yana bi ne daga wata alama zuwa wata, yadda masu kula da zirga-zirgar jirage na kowace ƙasa suka shata. A Sin ma titunan fasinja ƙunci gare su, domin babban kaso na sararin samaniyar ƙasar a hannun soja yake. Na huɗu, kamfanoni suna ƙara ɗan rara a jadawali don kada kullum a ce sun makara. Saboda haka idan matuƙi ya sanar cewa tafiyar awa 9 da minti 40 ce alhali tikiti ya ce 10 da rabi, duk gaskiya suka faɗa. Shi yana maganar zaman sama ne kawai.

Ga lissafin da za ka iya yi da ka: raba kilomita da 850, ka ƙara rabin awa zuwa minti 45. Ba zai yi nisa da gaskiya ba. Da akwai jirgin da zai tashi daga Kano bai tsaya ko'ina ba, da awa 13 zuwa 14 zai yi.

Saura iska, kuma a nan zan ɗan tsaya, don ita ce ke sa tafiya da dawowa su bambanta da gaske, ba a takarda kawai ba. Gudun 900 ɗin nan gudu ne a cikin iska, ba a kan ƙasa ba. Idan iskar da jirgi ke ciki ita ma tana tafiya, sai gudunta ya ƙaru a kan nasa ko ya ragu daga nasa. A can sama, daidai tsayin da jirage ke bi, akwai wani kogin iska da ke kwarara daga yamma zuwa gabas, wajejen digiri 30 arewa da ikwaita, ta saman Masar, Saudiyya, Iran, arewacin Indiya har kudancin Sin da Japan. Da sanyi yake ƙarfi, daga Disamba zuwa Maris, inda a tsakiyarsa yakan wuce kilomita 200 a awa, wani lokaci har 300. Ɗauki zangon Doha zuwa Guangzhou, ka ce a tsaka-tsaki iskar tana gudun 100. Mai zuwa gabas tana tura shi, yana cin ƙasa da gudun 1,000, ya gama kilomita 6,200 cikin awa 6 da 'yan mintoci. Mai dawowa yana karo da ita, yana cin ƙasa da gudun 800, sai ya kusa awa 8. Jirgi ɗaya, hanya ɗaya, bambancin awa ɗaya da rabi. Rabin aikinmu a ofis ke nan: mai zuwa gabas mu cusa shi cikin kogin, mai dawowa mu kauce da shi ko da hanyar za ta ƙara tsawo, don sau da yawa doguwar hanya marar iska ta fi gajeriya mai iska sauri da arhar mai.

Hanyarka ta Adis Ababa tana kudu da wannan kogi a yawancin tsawonta. Tana fita ta gabashin Habasha, ta haye Tekun Larabawa, ta shiga Indiya ta wajen Mumbai, ta fita ta wajen Kolkata, sannan Bangladesh da Myanmar. Shi ya sa bambancin zuwa da dawowa a tikitinka bai wuce rabin awa ba a zangon Adis Ababa da Guangzhou, awa 10 da rabi zuwa, awa 11 dawowa. Da damina ma lamarin yakan juya. Daga Yuni zuwa Satumba, lokacin manyan ruwan Indiya, wata iskar ce ke tasowa a sama daga gabas zuwa yamma, ta saman kudancin Indiya da Tekun Larabawa har cikin Afirka. A watannin nan mai zuwa Sin ne ke karo da iska a kan teku, mai dawowa gida ita ke rako shi.

Akwai maganar da nake yawan ji a majalisa, wai dawowa ta fi sauri don duniya tana juyowa ta taryi jirgi. Ba haka ba ne. Gaskiya ne ƙasa tana juyawa, a daidai Kano ma da gudun fiye da kilomita 1,600 a awa, amma tana juyawa ne tare da iskar da ke lulluɓe da ita da duk abin da ke cikinta, har da jirgin. Da maganar gaskiya ce, da kullum mai zuwa yamma ne zai riga isa, alhali a yawancin manyan hanyoyin duniya mai zuwa gabas ne ke riga. Hannun da juyawar duniya ke da shi a ciki shi ne, tana cikin abubuwan da ke sa wancan kogin iska ya fuskanci gabas.

Wani abin da ke tsawaita tafiya kuma ba ya cikin taswira shi ne rigima a ƙasa. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, an rufe sararin samaniyarta, kuma Sudan tana kwance ne a tsakiyar kusan duk hanyar da ta tashi daga arewacin Najeriya zuwa gabas. Alhazan waccan shekarar sun shaida, domin jiragensu sai da suka yi zagaye kafin su isa Saudiyya, awanni suka ƙaru, kuɗin jigila ma ya ƙaru. A Agustan shekarar kuma Nijar ta rufe nata sararin na kusan wata ɗaya bayan juyin mulki, jiragen da ke tsakanin Turai da Najeriya suka koma kewaye. Don haka awa 5 da aka rubuta maka daga Kano zuwa Adis Ababa, a kan nisan da lissafi zai ba ka awa 4 da rabi, kada ta ba ka mamaki. Wanda ya yi wannan tafiya shekarun baya ya ce maka shi bai kai haka ba, ba ƙarya yake ba.

Tsaunuka ma ana kauce musu. Na ce layin kai tsaye yana ratsa Himalaya, amma da wuya ka ga jirgin fasinja ya bi ta nan. Dalilin ba wai ba zai iya haye su ba ne. Idan iskar shaƙa ta cikin jirgi ta zube, dole matuƙi ya sauko da sauri zuwa wajen mita 3,000 inda mutum zai iya numfashi da kansa, domin abin shaƙar da ke faɗowa daga saman kujera na mintoci ne, galibi 12 zuwa 22. Tudun Tibet kuwa shi kansa ya haura mita 4,500 a tsaka-tsaki. Babu inda za a sauko. Saboda haka ake bi ta kudu, ta Bangladesh da Myanmar, a shiga Sin ta lardin Yunnan.

Tunda ta Adis Ababa za ka bi, ga wani abu game da filinta na Bole. Yana kan tudu, sama da mita 2,300 daga doron teku, alhali na Kano bai kai 500 ba. Iskar can sama-sama ce, ba ta da kauri, inji ba ya samun ƙarfinsa duka, fiffike ma ba ya samun abin riƙewa sosai. Za ka lura jirgi ya daɗe yana gudu a titi kafin ya ɗaga, har ka fara tunanin ko lafiya. Lafiya ƙalau, haka filin yake. Sanyin dare yana taimakawa don yana ƙara wa iska kauri, kuma yana cikin dalilan da suka sa tashin tsakar dare ya dace da manyan jirage masu nauyi a can. Wasu jiragen da ke tashi daga nan zuwa Amurka ma sai sun tsaya a hanya sun ƙara mai, don ba za su iya ɗagawa da cikakken tanki da cikakken kaya ba. A kula da wani abu kuma: mutanen Habasha suna da nasu ƙirgen awa da ke farawa daga wayewar gari, ƙarfe 7 na safe shi ne ƙarfe 1 a wurinsu. Allunan filin jirgi da tikiti ba sa bin wannan, amma idan ka tambayi mai shago ƙarfe nawa, ka tabbatar da wanne ya ba ka.

Ka tambayi abin da ya hana a tafi kai tsaye. Ba gazawar jirgi ba ce. Akwai jirgin da ke tashi daga Singafo zuwa New York ba tsayawa, fiye da kilomita 15,000, yana shafe awa 18 zuwa 19 a sama. Kano zuwa Guangzhou bai kai wannan ba ko kusa. Maganar ciniki ce. Jirgi mai kujera wajen 300 yana bukatar ya cika zuwa da dawowa, sau da yawa a mako, shekara gaba ɗaya, kuma a samu masu sayen kujerun gaba masu tsada, don su ne ke ɗauke nauyin doguwar tafiya. Fasinjan Kano kaɗai ba su kai su riƙe wannan ba. Abin da kamfanoni irin Ethiopian Airlines ke yi shi ne su kwaso mutane daga Kano, Abuja, Yamai, Njamena, Akara, Duwala da sauransu, duk su sauka Adis Ababa da daddare kusan lokaci ɗaya, a haɗa masu zuwa Sin a jirgi guda. Jiran awa 4 da za ka yi, jiran sauran abokan tafiyarka ne su iso. Kano kanta ta taɓa cin irin wannan moriya. A zamanin da jirage ba sa iya dogon zango, nan ne masu tafiya tsakanin Turai da kudancin Afirka ke sauka shan mai bayan sun haye Sahara. Jiragen farko da suka zo Najeriya ma sun sauka a Kano, ranar 1 ga Nuwamba 1925, na sojan saman Ingila, sun taso daga Masar tun ƙarshen Oktoba suna yada zango a hanya. Tafiyar da yau ake yi tsakanin azahar da magariba.

A ganina, abin da ya kamata ka sa wa ido a kowane tikiti shi ne tsawon jira a tsakiya, don shi kaɗai ne ke hannunka. Zaman sama ta kowace hanya awa 14 zuwa 16 ne, ba ka da yadda za ka yi da shi. Amma jira yana iya zama awa 2, yana iya zama 14. Tikitin da ya fi arha da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, amma zai zaunar da kai kwana a kan benci, ba arha ba ne ga mutumin da zai sauka ya shiga kasuwa. Jiran da ya gajarta ƙwarai shi ma ban so shi, musamman daga Disamba zuwa Fabrairu. Ka san yadda hazo ke rufe Kano, jirgin da zai ɗauke ku ya kasa sauka a kan lokaci. Idan jiranka awa ɗaya da rabi ne kuma kuka makara da awa ɗaya, ko kai ka tsallake da gudu, jakarka ba lalle ta tsallake ba. Babban jirgin kuma ba kamar motar tasha ba ne da wata za ta cika nan da an jima, sai gobe war haka, wani lokaci jibi. Awa 3 zuwa 5 shi ne daidai, don haka naka ya yi kyau. Ka tabbatar kuma zangon biyu a tikiti ɗaya suke. Idan ɗaya ne, ka rasa jirgi na biyu saboda makarar na farko, kamfani ne zai nema maka wani. Idan daban-daban ka saya don neman sauƙi, asarar taka ce. A wurin awon kaya ka dubi takardar da aka liƙa wa jakarka da idonka: alamar Kano KAN ce, ta Guangzhou CAN, harafi ɗaya ya raba su. Idan tafiyarka ta faɗo a Afrilu zuwa farkon Mayu, ko Oktoba zuwa farkon Nuwamba, lokacin babbar kasuwar baje kolin Canton ke nan, wadda ake yi a Guangzhou tun 1957, kujeru da masauki duk suna tsada, sai a yi da wuri.

Batun salla ma yana bin wannan lissafin, kuma gara ka san shi tun kana ƙasa. Mai zuwa gabas yana tarar rana ne, lokuta suna zuwa masa da gaggawa. Kun tashi Adis Ababa 12:30 na dare, ka ci abinci ka kwanta, bayan awa 3 da ɗan abu alfijir ya keto muku a saman teku kafin ku shiga Indiya. An rufe tagogi, an kashe fitilu, kowa na barci, ba abin da zai nuna maka. Tazarar da ke tsakanin alfijir da fitowar rana ma ta ragu, ba ta kai awa ɗaya ba. Ka sa ƙararrawa a wayarka a kan awa 3 daga tashi, ka ɗaga labulen taga ka duba. Azahar za ta same ku kamar awa 2 kafin sauka, kana iya haɗa ta da la'asar bayan ka sauka, bisa sauƙin da aka yi wa matafiyi. A dawowa kuwa kuna gudun rana ne. Za ku taso 12:30 na dare, ku yi awa 11 kusan duk cikin duhu, asuba ba za ta riske ku ba sai kuna dab da Habasha. Daga faɗuwar rana a Guangzhou zuwa fitowarta a Adis Ababa, daren ya kai awa 17.

A cikin jirgi ka riƙa shan ruwa, don iskar ciki busasshiya ce, ka kuma tashi ka taka duk bayan awa biyu ko uku saboda jini kada ya daskare a ƙafa. Mai hawan jini, ciwon suga ko wanda aka yi wa tiyata kwanan nan ya ga likitansa kafin tafiya, ya kuma tambayi yadda zai daidaita lokacin shan magani da sabon agogo. Maganin ya kasance a jakar hannu.

Saukar ƙarfe 4 ba ita ce isa ba. Akwai layin shige da fice, ɗaukar kaya, kwastan, sannan kimanin kilomita 30 daga Baiyun zuwa cikin gari, wajen Xiaobei da Sanyuanli inda 'yan Afirka suka fi sauka, a daidai lokacin tashi daga aiki. Ka ƙaddara sai bayan magariba za ka ajiye jaka. Jikinka kuma yana nan a agogon Kano: ƙarfe 11 na darensu la'asar ce a wurinka, barci ba zai zo ba, ƙarfe 9 na safiyarsu kuma ƙarfe 2 na dare ne, lokacin da barci ya fi nauyi. Zuwa gabas ya fi wahalar sabawa a kan dawowa, yakan ɗauki kwanaki. Kada ka sa cinikin manyan kuɗi a safiyar farko, ka bar ta don zagaya kasuwa da jin farashi. Ka kuma shirya da yaranka na shago tun yanzu. Sanda za su buɗe ƙarfe 9 ko 10 na safe, a wurinka ƙarfe 4 ko 5 na yamma ne, kasuwannin sari da yawa sun fara shirin rufewa. Idan akwai samfurin da sai sun gani ko farashin da sai sun tabbatar maka, ka tura musu hotuna da rana, ka ce wani ya riƙa duba waya tun bayan sallar asuba, wadda ta yi daidai da azahar a can.